Ƙofa Ashirin da Huɗu a Quellón

Sha ɗaya na dare, ruwa na dukan kwanon rufi,
kamfanin kifi ya yi tsit, sai gurnanin injin sanyi.
Na tsuguna a ɗakin da ba ya cin mutum biyu,
sabon suwic a kan cinyata,
baƙi, siriri, mai ƙofa ashirin da huɗu,
kowace da idonta a rufe.

Kusa huɗu aka ba ni, ɗaya ta ƙi shiga.
Na ƙyale ta. Dutse uku ma na riƙe tukunya.
Na zaro shuɗiyar wayar nan mai faɗi,
na haɗa bakinsa da kwamfutata.
Baƙin allo ya ce: wane ne?
Na kira sunan da aka raɗa masa tun a kwali,
wanda kowane ɓarawo ya haddace,
nan take na sauya kalmar sirri
da sunan kwalekwalen kakata
da shekarar da teku ya karɓe shi.

Sai rabon gida.
Sashe na goma na sikelin awon kifi ne.
Na ashirin na Doña Rosalba, mai lissafin albashi,
wadda ko ƙuda ba ta yarda ya leƙa littafinta.
Kyamarorin bakin ruwa, sarakan surutu,
na tura su na talatin, can su ƙarata.
Rufi ɗaya, amma da katanga a tsakani
wadda hannu ba ya taɓawa.
Ƙofar ƙarshe na mai da ita babbar hanya,
kowane saƙo ya ratsa ta
da lambar sashensa a goshi.

Heriberto mai gadi ya leƙo da ƙoƙon mate.
Ya ce, Eliana, me kike shukawa cikin duhu?
Na ce, ina koya wa akwati ladabi.
Na juya in kurɓa.
Ashe ya hango wata waya na reto,
kai ɗaya a ƙofa ta bakwai, ɗaya a ƙasa.
Shekara talatin ya yi a kan teku,
ba ya iya ganin igiya a sake.
Ya ɗauka, ya soka ta a ta takwas.

Fitilu suka haukace gaba ɗaya.
Saƙo guda ya haifi dubu,
kowanne na bin wutsiyar ɗan'uwansa,
ya fita ta bakwai, ya dawo ta takwas, ya sake fita.
Sikeli ya ɗauke. Kyamara ta makance.
Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Ba laifinsa ba ne.
Akwai dokar da ke gano zobe ta toshe bakinsa,
ni ce na ce sai anjima,
anjimar da ke kwana da yunwa.
Na zare wayar, ɗakin ya yi ajiyar zuciya.
Layi biyu na rubuta,
na miƙa masa kan wayar: sake sokawa.
Hannunsa na rawa ya soka.
Ta takwas ta yi ido ruwan lemo,
ta yi tunani, ta ƙi buɗewa.
Ya ce, kai, ta fi kyaftin ɗina hankali.

Saura adanawa.
Abin da ba a rubuta a zuciyar ƙarfe ba,
ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta share shi,
a nan kuwa iska na yi wa turakun lantarki yadda ta so.
Na buga umarnin. Na sake bugawa, don na san halina.
Ƙofofi tara da babu mai shiga na kulle su,
na manna wa sauran suna da farar takarda.

Ƙarfe huɗu da rabi jirgin farko ya yi ƙaho.
Akwatin kifi ya hau sikeli,
lambar ta ratsa bango ta sauka a allon ofis,
kilo arba'in da biyu da ɗigo shida.
Heriberto ya tafi buɗe ƙofar gaba.
Ni kuwa ina laluben kusar nan ta huɗu
a ƙarƙashin teburi, mate ya huce.